Shekarar da Ruwan Ɗari Ya Sauka a Tenhiya

'Ya'yana, na daɗe ina jin wata magana tana yawo tsakanin gidanmu na Gangara da gidan baffanku Tanko na Tanut. Ba a faɗinta a gabana, amma kunnen tsohuwa bai mutu ba. Wai kakanku ya zaɓi hatsi ya bar ɗansa a daji, shi ya sa Tanko ya yi fushi ya bar gida. Duk waɗanda suka zauna a tsakar gida ranar da aka yanke shawarar nan sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Don haka na sa a rubuta muku abin da na gani da idona, tun ban bi su ba.

Lokacin Nasara ba su shigo Damagaram ba tukuna, sai dai labarinsu da fatake ke kawowa. Ni kuwa ban daɗe da zuwa gidan miji ba, ina goye da yayarku Dije. Gidan ba shi da yawan mutane. Akwai Baba, wato surukina, wanda har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba, da matarsa Inna Hajo, da mahaifinku wanda shi ne babban ɗa, sai ƙanensa Tanko. Mahaifinku mutumin gona ne, ba shi da yawan magana. Tanko kuwa tun yana ƙarami zuciyarsa tana wajen dabba. Da 'yan tumakin da kakarsa ta wajen uwa ta ba shi ya fara, ya bi su daji rani da damina, har suka zama garken da in ya shigo gari sai mutane sun tsaya kallo. Da su yake shirin yin aure ya kafa nasa ɗakin. Mai barkwanci ne, ba ya shigowa gida bai tsokane ni ba a kan furata, wai ta yi tsami, alhali sai ya shanye ƙwaryar tas.

Baba mutum ne da Allah ya ba shi sanin sama. Ba boka ba ne, ba ya duba, kuma ba ya son a haɗa shi da masu yi. Kallo kawai yake yi, ya riƙe abin da ya gani. Kullum bayan sallar asuba yakan tsaya a ƙofar gida, ya ɗebi ɗan ƙaiƙayi ya sake shi ya ga inda iska za ta kai shi, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya shiga. Masu tafiya sukan biyo su tambaye shi, haka masu shuka, haka masu jinkar ɗaki. Ba ya taɓa wuce mako guda a maganarsa. In an matsa masa yakan ce abin da ke bayan Juma'a mai zuwa bai kai idonsa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar nan irin yadda ban sake gani ba. Muka cika rumbunan gida, gero ya rage tuli a gona. Aka jera dammuna tsibi-tsibi a fili ana jiran a gina sababbin rumbuna, wani kuma ana jiran ayarin Abzinawa masu kawo gishiri da dabino su yi musaya da hatsi. Ba wanda ya damu, don sanyi ya riga ya shigo, kuma wa ke tsoron ruwa a tsakiyar ɗari? Tanko kuwa ya kai tumakinsa arewa, dajin da ke wajen Tenhiya, inda busasshiyar ciyawa ta fi yawa. Tumakin suna ta haihuwa a lokacin.

Wata safiya na shiga ɗakin girki zan fasa gishiri, sai na ji kantun, wato curin gishirin nan na Bilma, ya yi danshi a hannuna kamar an yayyafa masa ruwa. Na ɗauka Dije ce ta kifar da wani abu a kai. Ina cikin mita sai Baba ya ji ni daga waje, ya ce in kawo masa. Na durƙusa na miƙa. Ya shafa, ya lasa yatsa. Ya wuce wajen da ake rataye guga ya murza igiyar fata, wadda jiya take a bushe kamar ƙashi, ya tarar ta yi laushi. Sai a sannan na lura sanyin safiyar nan ya karye. Kwana da kwanaki muna kwana da wuta a ɗaki, ranar kuwa ko mayafi ban yafa ba. Hayaƙin murhu ma ya ƙi tashi sama, yana ta rarrafe a tsakar gida.

Da rana ayarin ya sauka bayan gari. Madugunsu wani Buzu ne, Agali, tsohon abokin Baba. Ya zo gaisuwa, na kai musu fura zaure, ina fita na ji Baba ya tsallake zancen gishiri ya tambaye shi sama.

“Yaya ka baro iska a arewa?”

“Ta rikice,” in ji Agali. “Tun daga bakin duwatsu ta daina bugun bayanmu, ta koma tana bugun kumatunmu na dama. Raƙuma suna ta ɗaga hanci yamma.”

“Girgije fa?”

“Sirara, can sama, kamar audugar da aka yi wa shiɓa. Daga yamma suke zuwa.”

Bayan magariba Baba ya fito da mu duka tsakar gida ya nuna mana wata, ga wani farin zobe babba ya kewaye shi. Ya ce mana akwai wani ruwa da ake kira ruwan ɗari. Ba daga gabas yake zuwa ba kamar na damina, daga yamma yake zuwa, ba tsawa ba walƙiya, ya yini yana zuba a hankali. In ya ɗauke sai iska mai sanyin gaske ta biyo bayansa. Sau biyu ya taɓa ganinsa, na farko yana yaro. Ya ce hatsin da ya tarar a fili sai ya yi baƙi ya ruɓe, ciyawar daji ma haka, dabbar da ta jiƙe kuwa iskar nan ta bayansa ita ke kashe ta a tsaye.

Kashegari da hantsi sai ga Tanko ya shigo. Guzurinsa ne ya ƙare, ya bar garken a hannun abokinsa Sambo, wani Bafillace da suke kiwo tare. Ya shigo da dariyarsa, yana cewa matar yaya a damo masa furar nan mai tsami. Da ya ga fuskar mutanen gida sai dariyar ta tsaya. Aka shimfiɗa tabarma a gindin aduwa. Ni ina gefe bakin turmi, ba a kira ni ba, ba a kuma kore ni ba.

Baba ya ce, “Kafin Juma'a ta zagayo za a yi ruwa, bayansa kuma sanyi. Wannan na gani. Abin da ban gani ba shi ne inda zai sauka. Ruwan nan ba ya game ƙasa, yakan zaɓi wuri. Yana iya zama nan, yana iya zama can.”

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne kayan aikinmu kaɗan ne. Jakuna uku muke da su da takarkari guda, wato san da ke ɗaukar kaya, da tarin zana da muka saƙa don sababbin rumbuna. In za a ceci hatsi, sai an yi ta jigilar dammuna zuwa gida a cusa su ɗakuna da zaure, sauran a lulluɓe da zana. In kuma tumaki za a ceta, ba za a iya koro su gida ba, don masu jego ba za su yi tafiyar nan cikin mako ba. Sai dai a ɗora zanar nan a kan jakunan nan a kai can, a kafa musu rumfa a wani kwari. Jakunan ɗaya ne, zanar ɗaya ce, hannuwan ma ɗaya ne.

Mahaifinku ya ce a raba biyu. Baba ya girgiza kai ya ce rabin zana ba zai rufe hatsi ba, ba zai rufe garke ba, sai a yi asara biyu. Sannan ya faɗi abin da nake so ku riƙe, don shi ne mutane suka juya.

“A ɗora zana a tafi arewa. Hatsi ba ya numfashi. Abin da ke rumbu zai kai mu wata damina in mun tsuke baki.”

Inna Hajo ta ce, “Malam, in daminar ba ta zo da kyau ba fa?”

Duk mun san yadda ƙasarmu ta Damargu take, shekara guda ta ƙoshi, ta biye ta hana. Tanko yana zaune yana zane ƙasa da tsinke. Can ya ɗago kai.

“Baba, tumakin nan nawa ne ni kaɗai. Hatsin nan kuwa har da na yarinyar da ke bayan matar yaya. Kai da bakinka ka ce ba ka san inda zai sauka ba. To, a rufe na kowa.”

“Wahalarka ce ta shekaru, yaro.”

“Na sani, ai ni na sha ta. A rufe hatsi. In mun gama sai in koma wajensu.”

Baba ya sake maimaitawa, Tanko bai sauya ba. Mahaifinku ya ce masa to ya koma tun yau, mu za mu ji da gona. Tanko ya ce hannunsa biyu ba za su hana tunkiya jiƙewa ba in babu zana, amma a nan za su ɗauki dami. Haka aka tashi. Wannan ita ce shawarar, kuma wanda ya yanke ta shi ne wanda ta ci.

Muka shiga aiki. Maza suna ɗora wa jakuna da takarkari, mu mata muna ɗauka a ka. Ɗakin Inna ya cika da gero har ta koma kwana ɗakina. Mutanen gari da suka gan mu, wasu suka kwaikwaya, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa Baba. Bai kula su ba. Kowace safiya yakan saki ƙaiƙayinsa, iska ta kai shi gabas maimakon yamma, ya ce mu ƙara sauri. Sama kuwa kullum tana ƙara rufewa, rana ta koma kamar faifan azurfa, kana iya kallonta ido bai yi zafi ba. Da muka ɗaure zana ta ƙarshe a kan tsibin da ya rage a gona, Tanko ko hutawa bai yi ba. Na cika masa salka, na ɗaure masa gari da ƙuli a tsumma, Inna ta yafa masa gwadonta. Ya ce da ni in ajiye masa tsamin furar sai ya dawo, ya kama hanya da ƙafa.

Ranar Laraba hadarin ya iso. Muka zauna a bakin ɗakuna muna jira. Aka yi yayyafi kaɗan, wanda ko ƙasa bai jiƙa sosai ba, ya ɗauke. Shi ke nan abin da Gangara ta samu. Amma arewa ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, ta ƙi motsi, yini guda da kwana. Ranar Alhamis da la'asar iskar ta juyo, mai sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, har ruwan randa yana sa haƙori ciwo. Baba ya fita bayan gida ya tsaya yana fuskantar arewa, rigarsa tana kaɗawa. Inna ta aike ni in ce ya shigo. Na durƙusa na faɗa. Bai juyo ba, ya ce,

“'Yar nan, a kan yaron ruwan ya sauka.”

Da asuba mahaifinku ya kwance zanar da ba ta yi wa hatsi amfanin komai ba, ya ɗora wa jakuna tare da gwaduna da gari, ya nufi Tenhiya. Abin da ya tarar shi ya ba ni labari, sau ɗaya, bai sake ba. Tanko ya isa wajen garken daidai lokacin da ruwa ke farawa. Shi da Sambo suka kora su wani kwari, suka tattara 'ya'yan tumaki suka cusa ƙarƙashin 'yar bukkar fatar Sambo iyakar abin da ta ɗauka. Gwadon Inna ma a kan 'ya'yan tumaki ya ƙare. Manyan kuwa suka yini suka kwana a jiƙe. Da iskar ta zo sai suka fara durƙushewa, suna rawar jiki. Tanko ya zare wuƙa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya ga ba za ta tashi ba ya yi bisimilla ya yanka, don kada ta tafi mushe. Tumakin da ya san kowace da sunanta. Hannunsa ya ƙage don sanyi har Sambo ya karɓi wuƙar. Mahaifinku ya same shi zaune a bakin wuta yana tari, nama a shanye bisa kowace ƙaya.

Suka dawo da 'yan tsirarun da suka rayu, da 'ya'yan da babu iyaye a cikin mangala, da busasshen nama. Tanko ya kwanta ciwon ƙirji har ƙarshen sanyi. Inna tana yi masa gashi, ni ina dama masa kunun kanwa. Ko sau ɗaya ban ji ya ce da an sani ba. Da ya fara samun sauƙi ma tsokanata ya koma yi.

Ba zan ɓoye muku ba, hatsin da muka yi wa wahalar nan, ko da mun bar shi a fili babu abin da zai same shi. Kowa ya san haka, Baba ya fi kowa sani. Ya faɗi ranar daidai, ya faɗi sanyin daidai, kuma tun farko ya ce bai san wurin ba. Amma zuciyarsa ba ta karɓi wannan ba. Ya daina tsayawa a ƙofar gida da safe. Mutane suka ƙaru wajen tambayarsa, don labari ya bazu cewa ya ga ruwa a tsakiyar ɗari, shi kuwa duk wanda ya zo sai ya ce masa Allah ne masani, ya sallame shi. Ya kwashi gero mai yawa ya ba wasu makiyaya ya karɓo wa Tanko tumaki. Tanko ya karɓa ya yi godiya. Amma duk sanda ya shigo tsakar gida sai Baba ya sunkuyar da kai, ko ya tashi ya shiga ɗaki.

Bayan damina Tanko ya yi aurensa, ba da shagalin da ya so ba, ya ce zai koma Tanut da zama. A lokacin Tanut ba wani gari ba ne, 'yan gidaje ne kusa da ruwa. Ya ce wa iyayensa can ya fi kusa da makiyaya. Ni kuwa da na same shi yana ɗaure kaya na ce masa,

“Tanko, faɗa mini gaskiya. Fushi ka yi?”

Ya ce, “Matar yaya, da wa zan yi fushi? Ni na ce a rufe hatsi, kuma ko gobe haka zan ce. Amma ba zan iya zama ina ganin mahaifina yana jin kunyata ba. In ba ya ganina kullum, wataƙila ya ɗaga kai.”

Haka ya tafi. Bai taɓa yi wa kowa wannan bayani ba, har matarsa, don ba mutum ne mai tona cikinsa ba in an wuce wasa. Mutane suka ga ɗa ya yi asara ya bar gidan ubansa, suka cike sauran da bakinsu. Amma hatsi bai daina tafiya Tanut a kan jakunanmu ba, man shanu da cuku ba su daina zuwa Gangara ba.

Shekaru suka wuce, Nasara suka shigo, abubuwa da yawa suka sauya. Baba ya tsufa ƙwarai, ba ya wuce bakin zaure. Wani sanyi Tanko ya zo gaishe shi, lokacin ya sake tara garke, ya bar shi a hannun 'ya'yansa. Ya kwana biyu ya ce zai koma. Da safe ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi, ya zo ya durƙusa gaban Baba. Ina tsaye da ƙwaryar fura a hannu.

“Baba, ina so in kai dabbobi arewa. Me ka gani a makon nan?”

Baba ya ce, “Allah ne masani.”

“Haka ne. Amma kai me ka gani?”

Sai Baba ya miƙa hannu, Tanko ya tashe shi, Baba ya dafa kafaɗarsa har ƙofar gida. Ya ce in miƙo masa ƙaiƙayi. Ya sake shi, ya bi shi da ido, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi yamma.

“Babu ruwa. Amma sanyi zai ƙaru nan da jibi, da iska. In ni ne, ba zan kama hanya ba sai bayan Juma'a. Kada ka dogara da ni, yaro. Idon ya tsufa.”

Tanko ya je ya kwance sirdin, ya mai da shi zaure, ya karɓi ƙwaryar daga hannuna ya kurɓa ya ce har yanzu ban koyi dama fura ba. Baba ya yi dariya har da tari.

Ya zauna da mu har bayan Juma'ar. Kullum shi da Baba da mahaifinku a akushi ɗaya suke ci, da safe kuma su fita ƙofar gida su uku suna gardama a kan iska. Ko sanyin nan ya zo kamar yadda Baba ya faɗa, ko bai zo ba, wallahi na manta.